Sannu Bakwai

Kujerata tana layin ƙarshe, daf da ƙofar fita,
inda sanyin Jos ke leƙowa duk sanda aka buɗe ta.
Bikin fina-finan bana ya zo da ruwan Agusta,
yana dukan kwanon zaure kamar mai bin bashi.
Aka kashe fitilu.
Allo ya buɗe ido.

Ni ce mai farin rubutun nan na ƙasan hoto,
wanda ke ɓacewa kafin ka haɗiye yawu.
Wata uku ina awon magana kamar mai awon acca,
in cika mudu, in share bakinsa,
abin da ya zube ƙasa ba mai tambaya.

A layin gaba alƙalai biyar:
wani dogo daga Dakar, gyale naɗe a wuya,
wata 'yar Koriya mai rubutu cikin duhu,
sauran ban riƙe garuruwansu ba.
In Ngo Kachollom ta yi ba'a a allo
'yan gari su tuntsire da dariya,
alƙalai kuwa sai sun karanta ni tukuna,
tasu ta biyo baya
kamar tsawa a sawun walƙiya.

Sau bakwai ta ce "sannu" a fim ɗin. Na ƙirga.
Ɗaya ga ɗan dakon da ya sauke mata buhun kabeji.
Ɗaya ga yaron da ya zame a taɓo.
Akwai wadda ta jefi dillali da ita,
mai kaifi, har ya fito da canjin da ya danne.
Akwai kuma ta bakin tafkin kuza,
inda ruwa ya riƙe ɗanta kwana biyu:
maƙwabciya ta ce mata, ta mayar mata,
ba wadda ta dubi wata.

Wannan ta hana ni barci.
Na juya ƙamus har bangonsa ya rabu,
in sa kalma, in goge, in sa, in goge.
Daga ƙarshe na bar wurin fayau.
Darakta Sallau ya ce, "Kin manta layi."
Na ce, "Ban manta ba."

Yau ga wurin ya zo.
Ƙasan allo ba ko ɗigo.
Alƙalamin 'yar Koriya ya tsaya.
Dogon Dakar ya cire tabarau,
ya daɗe yana goge abin da ba datti ba.

Daren kyaututtuka jan kafet ya sha ruwa,
yana tsotson takalman manya.
Gwanin sauti, gwanin haske, gwanin tsara labari,
Indiya ta ɗauki ɗaya, Masar ta tafi da biyu.
Sai aka yage ambulan na gwarzuwar jaruma.
Mai sanarwa ya ci karo da sunan,
ya faɗi, ya tashi, ya sāke faɗuwa.
Ba ta zo ba.
Gobe kasuwa, tumatir kuma ba ya jiran kowa.

Sallau ya hau ya karɓa.
Ya gode wa Allah, ya gode wa masu kuɗi,
da direba, da mai shayin bakin titi.
Na tafa har tafina ya yi zafi.
Aikina ke nan:
a karanta ni, a manta an karanta.

Da asuba na bi shi Farin Gada,
cikin caɓi da ƙamshin lawashi.
Ta karɓi kofin tagullar, ta jinjina shi a hannu
kamar za ta faɗi kuɗin kilo,
sai ta ɗora shi a bakin ledar
da iska ke ta ɗagawa daga kan karas.
Ya zauna daram.

Sannan ta dube ni,
idona ja, mayafina a jiƙe,
ta ce, "Sannu."

Ta takwas ke nan.
Ita ma ban fassara ba.