Gindin Mangwaro

Tun da ƙafar Sada ta hagu ta daina jin maganarsa
ɗaki ya yi masa kaɗan.
Ya ce a fitar da shi gindin mangwaro,
wanda ya dasa shekarar da muka tare a Rafindaɗi,
lokacin bai kai tsawon taɓarya ba.
Amma ƙasar wurin taushi gare ta,
tayar kekensa nutsewa take kamar kofaton saniya a fadama.

Na kira Rabe kafinta.
Ya zo da fensir a bayan kunne,
ya zaga bishiyar sau biyu.
"Dandamalin katako zan yi miki, Hajiya,
in ɗaga shi taki guda,
saiwa ta sha iskarta a ƙasa, ku ku sha taku a sama.
Ko tsakiyar bazara ba ya ƙona tafin ƙafa."
Na ce gara fa?
Ya ce baƙin mai.
Na ce gara ta cinye ƙyauren kicin ɗina da baƙin man a jikinsa,
ta bar mini fenti tsaye kamar ɓawon ƙwai.
Ya yi dariya, ya rage dubu ashirin.

Washegari ga Mannir birkila
da hotunan intalok a waya, ja da ruwan toka,
irin na harabar asibitin da na shekara talatin ina tura gadaje.
"Wannan har jikoki."
Sai ya durƙusa, ya shafa saiwoyin da suka taso
kamar jijiyar bayan hannun tsoho,
ya ce waɗannan uku dai sai gatari,
in ba haka ba damina biyu za su ture dutsen.
Ban tambaye shi gansakuka ba.
Na san halin inuwa,
abin da rana ba ta lasa ba santsi yake zama,
kuma na ɗaga masu karayar ƙugu fiye da yadda zan ƙirga.

Da dare na baje takardu biyu a kan tabarma,
kuɗin fansho a tsakiya, ba ya kai ko wanne da daɗi.
Daɓen Inna ya faɗo mini,
tsakuwa da ruwan makuba,
mata shida a durƙushe, madaɓi na amsa madaɓi.
Wa zan aika wa goro yau ya zo?

Na kai wa Sada maganar tare da kokonsa.
Kalma yanzu da ƙyar take hawo masa,
kamar guga daga rijiya mai gaba goma.
Ya ce, "Saiwa... a bar ta."
Na ce katako ba ya daɗewa,
Rabe da kansa ya ce shekara bakwai, in an kula.
Ya daɗe yana kallon ƙafar da ba ta motsi.
Ya ce, "Bakwai ai da yawa."
Na tashi na wanke kofin da ba shi da datti.

Yanzu da hantsi taya tana hawa gangaren
tana ƙirga katakai, ƙwas, ƙwas, goma sha tara.
Ɗanyen mangwaro ya faɗo, dandamali ya amsa kamar ganga,
Sada ya farka ya ce wa ke sallama.

Galan ɗin baƙin mai yana bayan randa.
Duk Juma'a, in ya yi barci,
nakan durƙusa in ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya,
in kara kunne,
yadda nake yi wa ƙirjin marasa lafiya.