Daga Bakin Ƙofa

A Bolari nake, bayan masu walda,
rumfar kwano, benci goma sha ɗaya,
allo guda, janareta mai tarin tsufa.
Ni ke karɓar ɗari-ɗari a bakin ƙofa,
bayana ga allo, idona ga masu shigowa.

Daren Laraba na sa musu katun,
wanda aka ciro daga cikin gem:
yaro da takobi, hasumiya hawa tara,
kowane hawa da dodon da ke tsarewa.

Ba a kai rabi ba Giɗaɗo ya miƙe.
Shi ne ya cinye kuɗin koyon ɗinki
a gem ɗin nan, har yatsansa ya yi kanta.
Ya ce, "Wallahi sun cuce mu!
Hawa na bakwai sau arba'in yana kashe ni,
wata biyu ina kwana da haushinsa,
ga shi an wuce shi ana kaɗa kiɗa,
ko gumi yaron bai yi ba wajen haurawa.

Da hannuna nake tafiyar da shi,
in na tsorata shi ma ya tsaya.
Yanzu sun ƙwace min shi,
sun ba shi murya irin ta ɗan gata,
yatsuna na motsi a gwiwa, babu mai amsawa."

Lamela mai gyaran babur ya ja tsaki:
"Zane ne fa. Wa ke jin zafin zane?
A sa mana na faɗa, inda ƙashi ke ƙara,
mota ta tashi sama, gilashi ya tarwatse,
bos ya daɗe yana cika baki
kafin ekta ya share jinin leɓensa,
ya miƙe, mu ma mu miƙe da sowa."

Wani daga baya ya ce, "Ekta ba ya mutuwa,
harsashi ɗari, ko hularsa ba ta faɗi.
To me ake jira?"
Lamela ya ce, "Ka san tuwo za ka ci da dare,
sanin ya taɓa hana ka jin yunwa?"

Sai Barde mahauci ya gyara zama:
"Ku duka yara ne. A kawo horo.
Ni da ke kwantar da bijimi kafin asuba,
wace inuwa ce za ta firgita ni
don ƙyaure ya buɗe kansa, fitila na lumshewa?"

Na yi shiru. Ina sane da ranar Asabar
da ya tsaya ɗaure takalmin da ba shi da igiya
har na kulle, na raka shi,
muka ƙetare kwarin nan yana ta addu'a.
Sunan ya dace: horo ne, yana horarwa.

Dija mai awara, wadda ba ta taɓa biya ba,
ta hudar kwano take leƙe tana juya suya,
ta ce, "Giɗaɗo, katun ɗin ne ya nuna min
tsohuwar da ke rufe masa tuwo kullum.
Wata biyu kana jefa yaron nan a wuta,
ka taɓa sanin yana da uwa?"

Giɗaɗo ya buɗe baki, ya rufe.
Nan janareta ya yi tari uku ya ɗauke,
yaro na hawa na tara, takobi a sama.
Duhu. Fitilun waya. "A ba mu kuɗinmu!"
Amma ba wanda ya tashi.
Kowa ya hau ƙarasa labarin da bakinsa:
Lamela ya tarwatsa hasumiyar,
Barde ya cika ta da fatalwa,
Giɗaɗo ya kashe yaron sau ɗaya, don adalci,
Dija ta mai da shi gida, tuwo bai gama hucewa.

Ni shekara shida ban ga ƙarshen fim ba.
Abin kallona hasken da ke zuba a fuskoki:
baki a sake, gyaɗa ta tsaya a hanya,
ƙato ya damƙe hannun wanda suka yi faɗa da rana.
Na tsuguna da jarka ina ɗura ragowar mai,
kunnena na cikin rumfa,
ba na gaggawar tayarwa.