Itacen da Ya Rusuna

Kwana uku ruwa na sauka yana daskarewa,
a na huɗu dajin Kočevje ya wayi gari a durƙushe.
Kowane reshe ya sa rigar gilashi,
kowane itace ya ɗauki kayan da ya fi wuyansa.
Cikin dare muna ji daga gado:
ƙas, ƙas, kamar ana karya ƙashin wani ƙato a bayan tudu.

Da ƙanƙara ta saki, kawu Ciril ya buga mini ƙofa.
"Nuša, ɗauko hular kwano. Hanyar Lojzka ta toshe,
maganinta kuma ya ƙare tun jiya."

Na ɗauki zarto, ya ɗauki weji biyu da gatari.
Ina ɗokin jan igiyar inji,
shi kuwa ya tsaya, hannu a aljihu,
yana kallon tulin itacen kamar mai karanta takardar bashi.

"Kar ki tayar tukuna. Zagaya.
Dubi sama: me ke rataye?
Dubi ƙasa: wa ya danne wa?
In abin ya motsa, ina za ki sa ƙafa?"
Sai da na share hanyar gudu, taku goma ta wajen tudu,
sannan ya gyaɗa kai.

Gungumen farko ya kwanta kan duwatsu biyu,
cikinsa na reto bisa rami.
"Samansa a matse, ƙasansa a ɗame.
Fara ta inda ya matsu, kaɗan, kamar gaisuwa,
ki ƙarasa ta inda ya ɗame.
Idonki kan bakin tsagar:
in ta fara rufewa, zare ƙarfenki,
itace na cizo ba haƙori."
Na yi. Ya rabu biyu, ya zauna a hankali
kamar tsoho ya sami kujera.

Sai na ga ƙaramar,
'yar bukva, ba ta fi kaurin damtsena ba.
Babba ya faɗo ya danne mata kai,
ta lanƙwashe, goshi a ƙasa.
Na ce wannan ai sara ɗaya ne.
Na ɗaga zarto.

Hannunsa ya sauka a kafaɗata, da nauyi.
Ya ja ƙyallen wuyansa ƙasa,
ya nuna mini abin da na saba gani ban taɓa tambaya ba:
tabo daga haɓa har kunne,
muƙamuƙin da ya warke a karkace.
"Irinta ce. Ba ta ma kai wannan ba.
Wata shida ina shan romo ta bututu.
Manya na gargaɗi, suna nishi kafin su faɗi.
Ƙanana ba sa magana.
Baka ne aka ja aka manta da shi,
ja da baya ga rago kuwa ba tsoro ba ne."

Ya tsayar da ni ta gefe, nesa da gadon bayanta.
"Ta ciki, inda ta naɗe. Fere ta. Kar ki sare."
Na fere, siriri, siriri,
garin itace na zuba kan takalmina.
Na dakata. Ta yi gunaguni ƙasa-ƙasa.
Na ƙara. Na ja baya.
Ƙarfin da ta ɓoye mako guda
ya fita kaɗan-kaɗan kamar numfashin mai barci,
har ta karye a gwiwa, ta kwanta,
ba ta nemi kowa ba.

Ƙararrawar coci ta buga sha biyu a kwari.
Muka zauna kan gungume da burodi da cuku,
yatsuna na rawa, shayi na zuba.
Bai ce na iya ba.
Ya dai miƙo mini wejin biyu,
ya nuna sauran hanya da karkatacciyar haɓarsa:
itace goma sha bakwai kafin ƙofar Lojzka,
can kuma hayaƙi na tashi daga rufin gidanta.