Littafin Bashi

Shekara tara ina riƙe da littafin bashin ƙauyen nan,
tsohon littafin ɗana na lakwal, bangonsa ya sha mai.
Mai son sanin wa ya kwana da yunwa
kada ya wahalar da jauro.
Ya zo teburina, gindin tsamiya, hanyar Pitowa.

Tabawa: gishiri, kananzir, sabulu rabin sanda.
Iro maƙeri: dawa tasa shida, kafin a yanke masakwa.
Tsoho Gambo: sukari, sukari, sukari,
sai ƙwayar ciwon gwiwa.

Wata Talata da hantsi
wayoyi suka yi ta kuka gida-gida kamar 'yan tsaki.
Jaka ashirin ga duk macen da aka rubuta.
Ba buhu, ba layi cikin rana,
ba mai hoto yana cewa a yi murmushi.
Kuɗi tsura, yi abin da kika ga dama.

Tabawa ta riga kowa.
Ta ce, "Karanta mini duka."
Na karanta: jaka uku da dala arba'in.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ce in ja layin a kan idonta.
Na ja.
Ta ce, "Ƙara ja."
Da yamma ta bi ta gabana za ta rijiya, tulu a ka,
har da sannu da kasuwa.
Sai a ranar na gane:
wata bakwai tana zagayawa ta bayan masallaci
don kada mu haɗa ido.

A kasuwar Lahadi ta sayo akuya mai ciki,
ta raɗa mata suna Saƙo.
Hajjo matar Iro ta biya wa 'yarta kuɗin lakwal,
ta sai wa maƙera sabuwar zugazugi.
Iro, da bai taɓa neman shawarar mace ba,
na ji shi da kunnena ta kan danga:
"Hajjo, ke yaya kika gani?"

Ba duka ne suka zama akuya ba.
Sanda ya ɗauke wayar matarsa ya nufi Garwa,
kwana uku ya dawo
da agogon da ba ya tafiya.
Ni ma, tunda gaskiya ake faɗa,
na ƙara dala biyar a kan tasar dawa.
Na ce wa raina kowa ya ƙara.
Raina bai amsa ba.

Gambo kuwa wayarsa ba ta yi kuka ba.
Masu rubutu sun zo ranar da yake asibiti,
suka ɗaga kai, suka ga rufin kwano, suka wuce.
Wa zai gaya musu
wanda ya kafa kwanon nan ya shekara huɗu a ƙasa?
Shi dai ya sayi dawa da ƙarin dala biyar ɗina
kamar kowa.

Sau shida saƙon ya zo, sannan shiru.
Aka ce shirin ya koma wajen Mayo Ulo.
Damina ta yi gardama,
sunaye suka fara dawowa ɗaya-ɗaya,
kowa kusa da tsohon layinsa,
kamar tumaki sun san turkensu.
Ban da Tabawa. Saƙo ta haifi biyu.

Jiya bayan magariba ta tsaya, ba ta sayi komai ba.
Ta tura dala ɗari ƙarƙashin gwangwanin ashana.
"Rage wa tsoho. Kada ka ce ni ce."
Na lashi yatsa, na nemo shafin Gambo,
na rage ɗari.
Da ta ba da baya
na tsaya ina lissafin tasa nawa ya auna a hannuna tun waccan Talata.
Goma sha ɗaya.
Na rage hamsin da biyar.

Saura shafi huɗu littafin ya cika.
Ban sayi sabo ba tukuna.