Wat Ashirin

Wata bakwai ina kaɗa bas a bushe,
tsirkiya huɗu, ba mai jin su sai cinyata.
Yatsu na aiki, kunne na azumi.

Ran Asabar na rufe shagon gyaran firiji,
na goya jitar a baya kamar ɗan da bai iya kuka ba,
na hau kabu-kabu daga Bukoki zuwa Katako,
jika talatin da biyar a cikin safa,
guminmu ni da firiji uku da injin ƙanƙara guda.

Rumfar Sumana tana bayan masu kwanon rufi.
Hausarsa da ɗan gishirin Zabarmanci:
"Ampili wane iri? Mai tada unguwa ko mai tada aljan?"
Na ce, mai tada ni kaɗai.

Ya jawo na fari, wat ɗari biyu, ƙato kamar buhun gawayi.
Na taɓa tsirkiyar ƙasa,
kwanon maƙwabta ya amsa, awaki suka watse,
mai sayar da ƙusa ya ambaci kakata.
Daɗi kam akwai shi.
Sai dai ɗakina taku huɗu ne da uku,
bango ɗaya muke rabawa da Baba Nomau,
kuma wane babur zai yarda da mu, ni da wannan?
Giwa ba ta kwana a akurki.

Na biyu ja ne, sabo fil,
maɓalli goma sha biyu, fitilu na ƙyafta ido.
Na jitar solo ne, Sumana bai faɗa ba.
A sama yana rera kamar kanari,
da na gangara ƙasa sai tari ya sarƙe shi,
takardar lasifika na rawa kamar leɓen mai zazzaɓi.
Bas ba ta neman maƙogwaro.
Ciki take nema.

Muna nan kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Ƙaton ya zama kujera, jan ya zama ado.

Sumana ya ja tsaki, ya zura hannu ƙarƙashin tebur,
ya fito da wani baƙi, bai fi galan ɗin mai ba,
kusurwa ɗaya a lotse,
mariƙinsa ɗaure da robar tayar keke.
Batir a ciki. Maɓalli uku. Ramin abin kunne.
"Wani ɗan Agadas ya bar shi jingina, bai dawo ba."

Na sa waya, na ja mai kaurin,
na bar ta ta yi tafiyarta.
Abin ya fito a hankali,
yadda Kwara ke wucewa ƙarƙashin gada in ta cika:
ba hayaniya, sai nauyi.
Na ɗaga shi da yatsa biyu.
Na girgiza shi, ba abin da ya ce kwaram.

Ya ce arba'in. Na ce ashirin da biyar. Ya ce albarka.
Shayi ya shiga tsakani.
Talatin da biyu, waya kyauta.

Da dare na rage murya har kusa da babu.
Sha ɗaya ta wuce aka buga ƙofa.
Gabana ya faɗi.
Baba Nomau ne, tocila a hannu,
shekara talatin yana jan tirela a hanyar Kwatano.

"Kai ne?"
"Ni ne, Baba. Yanzu zan kashe."

Ya daɗe bai ce komai ba.

"Tun da na aje mota ban yi barcin kirki ba.
Shirun nan ke hana ni.
Abin nan naka, inji ne a tsaye,
a Gaya, da asuba, muna jiran a buɗe iyaka.
Ƙara masa kaɗan."

Ya juya, sai ya waiwayo.
"Kuma wurin can da kake tuntuɓe,
saurin canza giya kake yi."