Rabon Gadon Nomau Tela

Kwana arba'in da rasuwar Baba,
Liman Ɗahiru ya zo da takarda da alƙalami,
ya naɗe ƙafa a tabarma, ya ce a fito da dukiya.
Muka dubi juna ni da Ashta.
Ita ta yi dariya, ni na shiga ɗaki.

Na jawo ƙafar keken ɗinki.
Ƙafa kawai. Kan yana kwance a gindin kogin Shari
tun shekarar da Injamena ta kama da wuta,
muka bi ayari zuwa Kusiri.
Mai fito ya ce jirgi ya yi nauyi,
ko keke ko yarinya.
Baba bai nemi shawarar kowa ba.
Ga Ashta nan zaune da furfura a goshi,
duk gidan nan mun san kuɗinta.
Ƙafar ita muka tarar da muka dawo,
tsaye ita kaɗai a cikin toka.

Liman ya rubuta: ƙarfe.

Na kawo makullin shago.
Shagon yanzu katangar wani ce, da waya a samanta.
Takardar shaida tana ofishin da aka ƙona,
wanda ya sa hannu yana ramin da babu suna.

Liman ya rubuta: ƙarfe, ƙarami.

Ga tabarau na Kawu Adum, malamin ajinmu.
Mota ta zo da dare, ba fitila,
suka tambaye shi sunan kakansa,
amsar ba ta yi musu ba.
Da safe mu arba'in muka zauna jiran darasi,
har yau ba a tashe mu ba.
Na iya zana sunana,
ban iya karanta abin da ke samansa ba,
haka nake dangwala yatsa ina cewa na gode.

Sai littafin bashi.
Mutum talatin da ɗaya, rigunan Sallah,
an auna wuya, an auna hannu, an ba da rabi.
Duk wanda labarinsa ya iso, Baba ya ja masa layi.
Saura biyu babu layi,
su ya yi ta jira har ido ya dushe.

Liman ya ɗaga kai, ya ce, gona fa? Dabba?
Na ce, Allah gafarta Malam,
mutumin da ya gudu sau uku ba ya dasa mangwaro.
Tun daga ranar kogi
bai ƙara sayen abin da kai ba zai ɗauka ba.
Ya yi dako, ya yi gadi, ya ɗinke buhu da basilla,
kuɗinsa a ƙugu, takalmi a bakin ƙofa,
yana barci da kunne ɗaya.
Ku lissafa irinsa gida gida,
daga nan har inda kwalta ta ƙare.

Jiya rediyo ta karanto jerin ƙasashe,
wai muna can kusa da wutsiya.
Wani mai lafiyayyar murya ya ce rashin himma ne.
Da ma ya zo ya ɗaga ƙafar nan
ya ji nauyin abin da ba ya nan.

Bindiga ta yi shiru a unguwarmu tuntuni,
amma kullum tana cin tuwo da mu,
ita ke fara sa hannu.

Liman ya yi gyaran murya:
namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya.
Ashta ta ce a ba ta littafin, ta yafe saura.
Muka shafa fatiha.

Da la'asar na ji ƙara a tsakar gida.
Tunau ne, autana, ya hau ƙafar keken
yana takawa, ƙafafunsa da kyar suke kaiwa,
wili yana juyawa, yana ɗinke iska.
Na tambaya a kasuwa, kai na hannu jaka arba'in ne.
Ina da bakwai a gwangwani.
Ban faɗa wa Ashta ba.
Abin yana da nauyi, na sani.