Nawa Za Ta Yi?

Tsahara ta aiko yaro har garaji:
in zo Bagalam in duba motar babanta,
in faɗa mata nawa za ta yi.

Na same ta bayan rumbu, gindin dogonyaro,
tayoyi huɗu sun nutse har wuya,
kaza ta saka ƙwai uku a kujerar direba.
'Yar Amurka, dogon hanci, guntun baya,
da ɗan dokin ƙarfe a goshinta,
ƙafa guda ta karye, bai fasa sukuwa ba.

Na san ta.
Ina ɗan shekara sha ɗaya
Alhaji Nomau ya hauro da ita daga Kwatano
da kuɗin gyaɗar damina biyu.
Silinda takwas. In ta yi gurnani bakin kasuwa
mai ƙosai kan dafe kaskonta.
Ni ke wanke ta, dala biyu,
kuma da kyauta ma zan wanke.

Amma ba tuna baya aka kira ni ba.
Na bi jikinta da maganaɗisu:
inda ya kama, ƙarfe ne,
inda ya faɗi, mastik ne da ƙaryar wani mai fenti.
Sau biyar ya faɗi.
Na kwanta ƙasa, na ƙwanƙwasa shasi da kile.
Ƙarfe mai rai yakan amsa sallama,
mataccen sai ya yi maka bus.
Shasi ya amsa.
Daɓen ƙafar fasinja kuwa, yatsana ya wuce
kamar ta busasshen ganyen kuka.

Na goge lambar inji da yawu da bakin riga,
na gwada ta da ta jikin ƙofa.
Uwa ɗaya, uba ɗaya.
Nan kuɗin yake kwance, ba a fenti ba.

Mai gwangwani ya riga ni zuwa da sikelinsa,
jikka ɗari da hamsin, ya ce, don mutunci.
Wani saurayi daga Kano ya ɗauki hoto ashirin,
ya ce ba ta moruwa sai dai ado,
amma idonsa bai bar lambar nan ba.

Ni ma, kada in ɓoye.
Zuciya ta ce: Lawali, ce mata inji ya ƙone.
Jikka ɗari biyu, ka ja abarka garaji.
Wa zai sani? Daga kai sai kaza.

Na kwance buji takwas, na ɗura baƙin mai,
na tafi gida. Kwana uku ban yi barcin kirki ba.
Ran na huɗu na sa doguwar kile, na hau da ƙirji.
Shiru.
Na sake.
Sai ta motsa, faɗin yatsa guda,
kamar tsoho ya juya kafaɗa cikin barci.

Na ce: Tsahara, zauna.
Gyaranta zai ci shekara biyu da kuɗin gida,
karbirato, birki, gilashin gaba,
duk sai an jira su daga bayan teku.
Amma ko a haka, da tsatsarta da kashin kajinta,
kada ki saurari mai ƙasa da miliyan biyar.
In ɗan Kano ya dawo, kuma zai dawo,
ki bar shi ya fara magana.

Ta daɗe tana kallon dokin.
Ta ce: kai fa, nawa za ka biya?
Na ce: abin da ke aljihuna bai kai gaskiyarta ba.

Ta shiga motar, ta fito da ƙwai ukun nan,
ta ƙulle mini a leda, ladan duba.
Na hau babur na nufi Zariya a hankali,
ina kauce wa ramuka, kada su fashe.